Akwatin da Muka Shekara Shida Ba Mu Buɗe Ba

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar wani akwatin ƙarfe mai koren fenti a ƙarƙashin gadonsa. Kowa a gidan ya san abin da ke ciki: takardar gidan da muke zaune, takardun gonaki biyu, da wani littafi mai baƙin bango inda yake rubuta waɗanda yake bi bashi da waɗanda ke bin sa. Ni ne babba a maza, don haka ranar sadakar uku aka damƙa mini makulli. Na ce a bari a yi arba'in. Da aka yi arba'in na ce ai iyayenmu mata suna takaba, a bari su fita. Wata 4 da kwana 10 suka cika, sai ga damina, aka ce ba a raba gona da shuka a cikinta. Kaka ta zo ta wuce, na ce sai bayan Sallah. Haka makullin nan ya shekara 6 a hannuna.

A shekarun nan ba wanda ya taɓa kirana malalaci. Kullum ina fita nema, na aurar da ƙanne biyu, na sake wa ɗakunan gidan rufi, ba a rasa ni a jana'iza ko ɗaurin aure. Aiki ɗaya ne tak, duk lokacin da ya faɗo mini a rai sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji, in yi maza in nemi wani abin yi.

Shi kuwa aikin bai tsaya jirana ba, ƙaruwa ya yi ta yi. Dattijon da ya san iyakar gonarmu ta arewa ya rasu, maƙwabcin gona ya shigo mana da kunya uku, babu mai shaida. Wani ƙanena na ɗaya ɗakin ya rage gaishe ni, don a zatonsa cinye dukiyar nake shirin yi. Sannan yayarmu ta rasu ta bar miji da 'ya'ya biyar, rabonta ya zama gado a cikin gado, abin da malamai ke kira munasakha, lissafin da ya fi na farko wuya nesa ba kusa ba.

Na kawo labarin nan ne don na san da wuya a sami mai karatun da ba shi da nasa akwatin. Na wani furojet ne na shekarar ƙarshe a jami'a, an amince masa da take tun zangon farko amma har yau shafin farko fari fat. Na wata ramuwar azumi ce, ga Sha'aban ya kawo kai, ta kuma san a mazhabar Malikiyya in wani Ramadan ya riske ta babu uzuri, ga ramuwa ga ciyarwar mudu a kan kowace rana. Wani bashi ne a kansa, maimakon ya je ya nemi a ƙara masa lokaci, ya koma sauya hanya don kada ya bi ta ƙofar shagon mai bin sa. Wani kuma soro ne ke ɗiga tun bara, sai hadari ya haɗu a gabas zai fara cigiyar magini.

Mun saba yi wa duk wannan kuɗin goro, mu ce lalaci ne. Shi ya sa maganinmu ba ya ci, don faɗa muke yi wa kanmu, faɗa kuwa ba ya buɗe akwati. Malamanmu sun daɗe da ba wa wannan hali sunansa na kansa, taswifi, daga kalmar Larabci "saufa", wato "zan yi". Mai kasala jiki ne ya mutu masa. Mai taswifi kuwa sau da yawa jikinsa garau, yana ma iya wanke babur sau biyu a yini, in mace ce ta share tsakar gida ta sake sharewa, duk don kada a zauna da abu guda. A 2013 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Fuschia Sirois da Timothy Pychyl, sun bayyana inda gizo ke saƙa: mai jinkiri gudun wani abu yake da yake ji a ransa in ya tuna aikin, tsoro ne ko kunya ko gundura ko rashin sanin ta ina za a kama. Da ya ce "sai gobe" sai ya ji sanyi nan take. Wannan sanyin shi ne ladan da zuciya ta karɓa, gobe ma irinsa za ta nema. Da haka ɗagewar yini ɗaya ke zama ɗabi'a.

Saboda haka kafin ka yi jadawali ko ka sayi sabon littafin rubutu, zauna ka tambayi kanka abin da kake gudu, ka kuma ba da amsa ta gaskiya, ko da ba za ka iya faɗa wa kowa ba. Ni da na yi wa kaina wannan tambaya, abu uku na samu. Ina tsoron rigima ta tashi tsakanin ɗakuna. Ina tsoron baƙin littafin nan ya nuna bashin da ya fi ƙarfinmu. Na ukun ya fi su nauyi: buɗe akwatin yana nufin na yarda Baba ya tafi ke nan. Kowanne da maganinsa daban. Rigima ana yi mata maganin dattijo mai faɗa a ji da malami masanin gado. Bashi maganinsa a karanta littafin a san adadi. Na ukun ba shi da magani sai a yi kukan a wuce. Muddin suna dunƙule wuri ɗaya a ƙirji, sunansu "ban shirya ba", kuma ba ranar da za a shirya.

Ɗalibi ma ya gwada. In ya duba da kyau, sau da yawa zai tarar bai taɓa ganin yadda babi na ɗaya yake ba, kunya kuma ta hana shi faɗa. To ai wannan ba ya buƙatar wa'azi. Ya je laburaren sashensu ya roƙi furojet uku na waɗanda suka gama, ya zauna ya ga yadda suka buɗe da yadda suka rufe.

Ni kuwa, Baffanmu ne ya fitar da ni daga wannan hali. Wata Juma'a bayan an sauko, ya biyo ni gida, ya zauna a zaure ya ce, "Ɗana, ɗauko mini akwatin nan." Na fara cewa, "Baffa, ai maganar rabon nan sai an natsu, sai an tara kowa…" Ya ɗaga mini hannu. "Wa ya ce maka rabo za mu yi? Buɗewa kawai za mu yi, mu ga abin da ke ciki, mu mayar mu rufe." Na rasa abin cewa, don ba wanda zai ce bai shirya buɗe akwati ba. Muka buɗe. Muka jera takardun a kan tabarma, ya sa na rubuta sunan kowace a takarda guda. Kafin a kira La'asar mun gama. Da zai tashi ya ce, "Juma'a mai zuwa ka rubuto mini sunayen magada, da masu rai da waɗanda suka rasu bayan mahaifinku. Shi ke nan aikinka."

Baffa bai yi boko ba, amma abin da ya yi mini a zauren nan shi ne gaba ɗayan sirrin, kuma a kansa nake so mu daɗe.

"Rabon gado" suna ne da aka lulluɓa wa ƙananan ayyuka wajen talatin. Haka "furojet", haka "gyaran gida", haka "neman aiki". Ba wanda ya taɓa zama ya yi furojet. Abin da mutum ke yi shi ne ya buɗe littafi, ya kwafi sakin layi, ya buga wa malami waya, ya rubuta tambaya biyar. In ka ce wa zuciya "yau za mu yi furojet", ka ɗora mata buhun da ba shi da mariƙi, dole ta ja da baya. Sai ka yi ta sassaƙa aikin har ka kai ga abin da hannu zai iya kamawa yanzu. Ga yadda za ka gane ka kai: abin ya zama aiki guda da ake yi da hannu ko baki ko ƙafa, ka san inda za ka yi shi, kuma ba zai wuce minti 10 ko 15 ba. "In gyara rufi" bai kai ba. "In hau tsani in ƙirga wuraren da suka tsage" ya kai. "In biya bashi" bai kai ba. "In rubuta nawa ake bina da nawa zan iya bayarwa duk wata" ya kai. In har ka rubuta abin ka ji ƙirjin nan ya sake tokarewa, bai yi ƙanƙanta ba tukuna, ƙara sassaƙawa. Kada ka ji kunyar ƙanƙantarsa. Nawa ai juya makulli ne.

Manomi ya san wannan tun kaka da kakanni. Wanda ya tsaya a bakin gona yana auna faɗinta da ido, gwiwarsa ce za ta yi sanyi. Mai noma kunya ɗaya yake kamawa ya sunkuya, in ya kai ƙarshe ya juyo da ta biyu. Kuma duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san kunyar farko ta fi ciwo. Jiki sai ya yi zafi yake sakewa. Mu kuwa mun juya abin, muna zaune muna jiran ranar da za mu ji sha'awar aikin sannan mu tashi. Sha'awar a cikin aikin take, ba ta zuwa ɗaukar mutum daga kan katifa.

Don haka yi wa kanka alkawarin lokaci kaɗan, ka kuma cika shi ta fuska biyu: ka fara, in lokacin ya cika kana da ikon tashi ba tare da jin laifi ba. Wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, lokacin yana ɗalibi a ƙarshen shekarun 1980, ya riƙa amfani da agogon kicin mai siffar tumatir yana yanka wa kansa lokaci, daga nan aka sami tsarin nan da ya bazu a duniya na aikin minti 25 da hutun minti 5. Yana da kyau, amma ga wanda ya shekara yana gudun abu, 25 ma tana da yawa. Fara da 10. Yawanci za ka ga ka zarce. Ranar da ba ka zarce ba ma ka ci riba, don zuciya ta ga an taɓa abin ba a mutu ba.

Akwai masu makalewa don suna son abin ya fito da kyau tun karon farko, musamman masu rubutu. Su tuna da allo. Yaro yana rubutu a allo hankali kwance don ya san za a wanke. Rubutun farko na furojet, ko wasiƙar neman aiki, ko lissafin jari, rubutun allo ne. Rubuta shi da karkatattun layuka, ka bar gurbi inda ba ka sani ba, ka sa alama ka wuce. Malamin da ke duba aikinka zai iya gyara shafi biyar marasa kyau. Farar takarda kuwa ba abin da zai iya yi mata.

Abu na biyu da Baffa ya yi, ya sa rana da wuri. A nan ma akwai wani tsohon gwaji da ya cancanci a sani. A 1965 Howard Leventhal da abokan aikinsa sun raba wa ɗaliban Jami'ar Yale ta Amurka bayani a kan muhimmancin allurar rigakafin tetanus. Wasu an ba su bayani mai tayar da hankali har da hotuna, wasu mai sauƙi. Waɗanda aka tsorata sun fi cewa za su je, amma da aka zo ƙirga waɗanda suka je ɗin, tsoratarwar ba ta sauya komai ba. Abin da ya sauya lissafi shi ne wasu an haɗa musu da taswirar makarantar an zagaye asibitin, an kuma ce su duba jadawalinsu su zaɓi lokacin da za su je da hanyar da za su bi. A cikin waɗannan kimanin kashi 28 cikin 100 suka yi allurar, a cikin sauran kuwa kimanin kashi 3. Kuma ɗaliban nan sun san inda asibitin yake tun da. Daga baya wani masani, Peter Gollwitzer, ya faɗaɗa wannan tunani, ya nuna cewa niyyar da aka ɗaura wa wani abu da tabbas zai faru, wato "in kaza ya faru zan yi kaza", ta fi niyyar da aka bari sake cika.

Mu a nan mun fi kowa sa'a, don yininmu a yanke yake gida biyar, kuma ladan yana sanar da mu ko babu agogo ko babu caji. Daina cewa "yau zan yi". Ce, "In na dawo daga Asuba, kafin in taɓa waya, zan zauna a kan tabarmar nan in rubuta minti 10." Ko, "In aka sallame La'asar, daga masallaci shagon mai bina zan wuce, ba zan biya gida ba." Uwargida ta ce, "Litinin da Alhamis zan riƙa ramawa, daren Lahadi da na Laraba zan ajiye abin sahur." A ganina bayan Asuba ya fi kowane lokaci ga aikin da ke buƙatar kai. Gari da sanyi, yara ba su tashi ba, ba mai sallama, kuma lokaci ne da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikinsa. Amma wanda sana'arsa ta hana, ya zaɓi wata sallar. Abin da ake so dai lokacin ya zama ɗaya kullum, har jiki ya daina tambaya.

Bari in faɗi wata magana a kan "in sha Allahu", don tana damuna. Umarni ne mu faɗe ta a kan duk abin da za mu yi nan gaba, kuma gaskiya ce tsantsa, ba mai motsi sai da yardar Allah. Amma mun mayar da ita mayafin da muke rufe alkawarin da ba mu yi niyyar cikawa ba, har ta kai in tela ya ce maka "in sha Allahu" babu rana, ka san ɗinkinka sai bayan Sallah. Kalmar ta fi ƙarfin haka. Faɗe ta bayan ka sa rana da lokaci: "Talata bayan Azahar, in sha Allahu." Ka ɗaure naka, ka bar wa Allah nasa.

Na uku, Baffa ya zama shaida. Na san Juma'a zai zo ya zauna a zaure ya miƙo hannu, ni kuwa ba zan iya kallon idonsa in ce ban rubuta ba. Kunyar da ta hana ni motsi shekara 6, ita ce ta koma tana tura ni. Dubi adashi. Matar da ba ta iya ajiye naira dubu a ɗaki na mako guda, ga ta tana zubi wata goma ba fashi, saboda uwar adashi za ta aiko kuma sauran mata za su ji. Nemi wanda kake jin nauyinsa, ka faɗa masa ƙaramin abin da za ka yi da ranar da za ka nuna masa. Kada ka zaɓi abokin da zai ce "ba komai, ai kowa haka yake". Ɗalibai kuma su yi gayya: mutum uku ko huɗu su haɗu a aji ɗaya, kowa da nasa aikin, ba hira sai an cika awa. Ko manyan marubuta sun amfana da irin wannan. A 1936 aka ɗauko Abubakar Imam daga aikin koyarwa a Katsina aka kai shi Zariya, aka ba shi wuri da wa'adi, ga mai kula da aikin, Rupert East, yana karanta abin da ya rubuta. Cikin kimanin wata 6 ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Baiwa tasa ce, Allah ya ba shi, amma an kuma share mata fili.

Waya ba sai na yi dogon bayani ba, kowa ya san abin da WhatsApp da TikTok ke yi wa safiyarsa. Kifa ta a gefenka ba ya isa. Kai ta wani ɗaki, ko ka ba wani ya riƙe maka har ka gama. Abin da ya fi waya wuya shi ne jama'a. A garuruwanmu ba a rasa suna ko biki ko dubiya ko rakiya, kuma zumunci ibada ne, ban ce a yanke shi ba. Amma na lura da kaina, a shekarun nan shida na fi kowa saurin amsa gayyata, don kowace gayyata uzuri ce mai kyan fuska. Jana'iza da dubiyar mara lafiya ba a ɗage su. Rakiyar aboki kasuwa kuwa tana iya jira. "Ina da wani uzuri, zan same ku bayan La'asar" magana ce da ba ta ɓata zumunci.

Sai lissafin kwanaki, inda kusan kowa ke yaudarar kansa da "ai akwai lokaci". A 1994 Roger Buehler da abokan aikinsa a Kanada sun tambayi ɗaliban shekarar ƙarshe kwana nawa ya rage su gama rubutun bincikensu. A matsakaici suka ce wajen 34. Aka ce to in komai ya lalace fa? Suka ce wajen 49. Da aka bi sawu, sai da suka ci sama da kwana 55. Wato ko mummunan zatonsu bai kai gaskiya ba. Wannan a ƙasar da ba a ɗauke wuta ke nan. Kai da za ka haɗu da rashin wuta, da layin mai buga takardu, da malamin da ya yi tafiya, duk abin da ka ƙiyasta ƙara masa rabinsa ko fiye. Kuma ka ƙirgo daga ranar ƙarshe ka dawo baya. Mai son rubuta JAMB ya san tun 2021 ba a rajista sai da lambar NIN, to ranar neman lambar ba ita ce ranar da aka buɗe rajista ba. Mai gyaran soro ya san watan Agusta ruwa ya fi ƙarfi, aikinsa na rani ne, tun magina ba su yi tsada ba.

Wata 'yar dabara da ta taimake ni: kada ka tashi daga aiki sai ka rubuta abin da za ka fara da shi gobe, layi ɗaya, ka ajiye a saman takardun. Gobe ba sai ka nemi bakin zaren ba, yana nan a ajiye.

Za ka yi fashi. Wata rana baƙi za su zo, wata rana zazzaɓi, wata rana haka kawai. Abin da ke kashe mutane shi ne abin da ke biyo bayan fashin: "Ai ni dama haka nake, ba zan taɓa gyaruwa ba." Wannan zargin kai yana ƙara wa aikin ɗaci, ɗacin kuwa shi ne abin da ake gudu tun farko. A Jami'ar Carleton ta Kanada an bi wasu ɗalibai a 2010, aka ga waɗanda suka yafe wa kansu jinkirin da suka yi a karatun jarrabawar farko sun fi rage jinkiri a ta biyu. Mu ma ai haka aka koya mana a babin tuba: ka yi nadama, ka daina, ka koma kan hanya, ba a ce ka zauna kana yanke ƙauna ba. Kuma kada ka ce za ka rama da awa goma gobe. Koma kan minti gomanka.

Ba kowane jira ne taswifi ba. Wanda ke cikin fushi ya jira ya huce kafin ya yi magana. Mai babbar shawara ya yi istihara ya tuntuɓi manya. A gado ma, in mamaci ya bar mace da ciki, malamanmu na Malikiyya sun ce a dakata sai ta haihu. Bambancin shi ne jira na gaskiya yana da abin da ake jira da ranar da zai ƙare. In an tambaye ka "me kake jira?" ka rasa amsa sai "sai an natsu", to gudu kake.

Akwai kuma wanda abin nasa ya wuce jinkiri. In ka ga makonni suna wucewa ba ka jin daɗin komai, barci ya lalace, abinci ba ya shiga, wanka ma ya zama aiki, wannan yana iya zama ciwon damuwa, kuma ana maganinsa a asibiti. Kada a ce wa irin wannan malalaci, a raka shi ya ga likita. Haka wanda abin da yake ɗagewa shi ne zuwa asibitin kansa: ƙullutu a mama, tari da ya wuce mako biyu, ciwon kai da jiri ga mai hawan jini. Waɗannan ba a yi musu dabarar minti goma. Gobe da safe a tafi, ko yau in da hali.

Gadonmu, daga ranar da Baffa ya zauna a zaure zuwa ranar da malami ya karanta wa kowa rabonsa a gaban shaidu, wata 3 ya ɗauka. Bashin da na shekara 6 ina tsoro, da muka tattara bai kai kuɗin sa guda ba, waɗanda Baba ke bi ma sun fi masu bin sa yawa. Aka biya bashi, aka fitar da wasiyya, aka raba saura. An ɗan ɗaga murya sau ɗaya a kan gonar arewa, Baffa ya tsawatar, aka wuce. Ƙanena ya dawo yana gaishe ni. Abu ɗaya ne bai gyaru ba. Yayarmu ta yi jinyar shekara guda tana neman kuɗin magani, alhali tana da haƙƙi a cikin akwatin da makullinsa ke aljihuna. Ta rasu ba ta taɓa ko sisi daga dukiyar mahaifinta ba. Na nemi gafarar Allah, na nemi yafiyar 'ya'yanta, amma ita ba ni da inda zan same ta in roƙe ta.

Don haka ina roƙonka, mai karatu, musamman in abin da kake ɗagewa akwai haƙƙin wani a ciki, na maraya ne ko na mai bin ka ko na matar da ke jiran ka yi magana. Yanzu, kafin ka ajiye wannan shafi, rubuta ƙaramin abu guda da za ka yi, da sallar da za ka yi shi bayanta, da sunan wanda za ka faɗa wa. In an sallame, ɗauko akwatin ka ajiye a kan tabarma, ka buɗe.